Kamfas ɗin Brunton a kan duwatsun Zamfara da Kebbi: ina ya ci kuɗinsa, ina bai ci ba

Duk wanda ya taɓa raka masana duwatsu daji ya san ɗan akwatin nan da suke maƙalawa a ɗamara, mai murfi da madubi a ciki. Brunton ake ce masa, kuma sunan ya bi shi kamar yadda Omo ya bi garin sabulu: ko wane kamfani ne ya ƙera, Brunton ɗin dai ɗalibai za su kira shi. Na asalin wani injiniyan ma'adinai ne mai suna David W. Brunton ya yi masa rajista a Amurka a 1894, kuma a garin Riverton na jihar Wyoming ake haɗa shi. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, in ka juya su zuwa naira sai gabanka ya faɗi. A gefe guda kuma ga kwafinsa nan birjik a kasuwar intanet, wasu ko sunan kamfani babu a jikinsu, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tambayar da ɗalibi ko mai lasisin neman ma'adinai ko ɗan kwangilar rijiyar burtsatse zai yi ita ce: a ƙasarmu, a kan irin duwatsunmu, wannan tazarar kuɗi tana da dalili?

Amsar ta danganta da inda za ka tsaya da shi, domin Zamfara da Kebbi ba dutse ɗaya suke kai ba.

A hannu, kayan bai wuce tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 200, jikinsa alminiyam. In ka buɗe murfin za ka tarar da madubi da baƙin layi ya raba shi biyu, daga ɗaya gefen kuma ga ɗan hannu mai tsaga na saiti. Cikin akwatin akwai allurar maganaɗisu a kan tsinin da take juyawa, da zobe mai lambobi daga 0 zuwa 360, digiri ɗai-ɗai. Idon ruwa mai kumfa iri biyu ne a ciki, irin na magina: zagayayye na daidaita kamfas a kwance, da dogo wanda ke manne da ma'aunin karkata. Wannan ma'aunin da wani ɗan ƙarfe da ke bayan akwatin ake juya shi, yana karanta kusurwa har digiri 90 sama ko ƙasa. Akwai ɗan maɓalli da ke ɗaga allura daga tsininta. In ka danna shi allurar ta tsaya cak, in ka rufe murfi kuma shi ke danna shi da kansa, don kada jijjigar babur ta cinye tsinin. A gefe akwai sukuru na juya zoben lambobi.

Abin da ya fi ruɗa sabon mai saye shi ne gabas da yamma a juye suke a fuskar kamfas ɗin. Ba kuskuren masana'anta ba ne, kada ka mayar. Zoben yana juyawa ne tare da akwatin, allura kuwa tana nan tana kallon arewa, saboda haka sai an juya haruffan kafin bakin allura ya nuna maka inda ka dosa. Ka fuskanci gabas, allura za ta sauka a kan 90. Haka ake so.

Wajen oda akwai tarko biyu. Akwai samfurin da aka raba zobensa kashi huɗu, kowane kashi 0 zuwa 90; yana aiki, amma in rukuninku na rubuta 0 zuwa 360 kai kuma kana rubuta wani abu daban, ranar haɗa taswira za a yi ta kai ruwa rana. Akwai kuma samfurin sojoji, M2, wanda lambobinsa suke kaiwa 6400 maimakon 360. Wannan ka bar shi inda ka gan shi. Ban da wahalar lissafi, kayan da ya yi kama da na soja ba abin da mutum zai so a zaro daga jakarsa ba ne a shingen bincike tsakanin Gusau da Anka.

Inda Brunton yake nuna shi gwani ne shi ne a kan tsofaffin duwatsun Zamfara. Yankin Anka, Maru, Bukkuyum, har zuwa Zuru da Yawuri a kudancin Kebbi, duk suna kan tsohon ginshiƙin dutsen Najeriya. A cikinsa akwai dogayen ɗamarori na dutse mai ɓare-ɓare kamar shafukan littafi, wanda masana ke kira shist da filayit. Asalinsu laka ne da yashi da aman wuta, sai matsi da zafi suka dafa su suka naɗe su a lokacin babban karon ƙasashen da aka yi wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Wannan matsi ne ya sa shafukan suka miƙe daga arewa zuwa kudu, ko su ɗan karkata arewa maso gabas, kuma galibi a tsaye suke ko kusa da tsaye. Zinaren da ake haƙa a Bagega da Sunke da Bin Yawuri yana cikin jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara da suka cike tsagogin waɗannan duwatsu. Duk wanda ke son bin jijiya, abu biyu yake buƙata: miƙarta, wato layin da take bi a kwance, da karkatarta, wato yadda take nutsewa ƙasa da kuma ta wane gefe. Ɗalibai sitiraik da dif suke ce musu.

Ga yadda ake ɗaukar miƙa. Ka sami fuskar dutse mai santsi wadda ka tabbata a inda Allah ya ajiye ta take, ba gungumen da ya gangaro daga tudu ba. Wannan kuskure ne da ke cika littattafan ɗalibai da lambobin banza. Ka buɗe kamfas, ka jingina gefen ƙasansa da fuskar dutsen, ka riƙa motsa shi ba tare da ka ɗaga gefen ba har kumfar zagayayyen ido ta zauna a tsakiya. Ka jira allura ta natsu, ka karanta. Kafin ka ɗauke, ka ja layi da fensir a jikin dutsen ta gefen kamfas. Sai karkata: ka tsayar da kamfas a kan gefensa, a gicciye da layin da ka ja, ka juya ƙarfen baya har kumfar dogon ido ta daidaita, ka karanta digirin. In ka rasa gane ta ina gangaren yake, ka zuba ɗan ruwa daga gorarka. Inda ya bi, nan ne. In fuskar dutsen tana da gargada, ka ɗora faranti na roba ko na alminiyam a kai ka auna a kansa. Allon rubutu mai maƙallin ƙarfe ba ya wannan aiki, zai ja allura.

Wajen rubutawa, layi ɗaya yana da baki biyu, 020 da 200 duk shi ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi bakin da in ka fuskance shi dutsen yana nutsewa ta hannun damanka, ka rubuta shi da lamba uku, sannan karkata da lamba biyu: 020/70. Duk da haka ka ƙara rubuta gefen da ya nutse, kudu maso gabas, domin wanda zai karanta littafinka bayan shekara biyu bai san ƙa'idar da ka bi ba.

A wannan aiki ne bambancin na asali da kwafi yake fitowa fili. Allurar Brunton tana natsuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba ta ta lilo. Gefen akwatinsa a miƙe yake sak, kuma layinsa ya yi daidai da sifirin zobe. Kamfanin yana cewa kuskurensa rabin digiri ne, kuma mai hannu a natse zai iya kusantar haka. A kwafi marar suna abubuwa uku ne suka fi lalacewa: allura mai liƙewa saboda tsini marar kyau, idon ruwan da aka manna a karkace, da hinjin murfi mai sakwarkwacewa har layin madubi ya daina haɗuwa da tsagar saiti. Mutumin da zai ɗauki awo hamsin ko sittin a yini ɗaya, a tsugune a cikin rafi da rana a ka, shi ya san darajar allurar da ba sai an ɗan buga mata yatsa take motsi ba.

Me digiri biyu ko biyar za su ɓata? Lissafin a fili yake. Kuskuren digiri 1 a tafiyar kilomita 1 yana kauce da kai mita 17 da rabi. Digiri 5 kuwa wajen mita 87. Jijiyar da faɗinta bai wuce kamu biyu ba, in ka bi ta a ƙarƙashin jar ƙasa da irin wannan kuskure, ramin gwajinka a gonar wani zai faɗa. Karkata ma haka. Jijiyar da ke nutsewa da digiri 60, in an sauka mita 20 ta matsa gefe da mita 11 da rabi. Mai digiri 80 kuwa mita 3 da rabi kacal take matsawa. Wanda ya karanta 80 alhali 60 ne, zai haƙa rami a tsaye ya wuce ta gefen jijiyar ya ce ta ƙare. Sannan faɗin da ake gani a sama ba shi ne kaurin gaskiya ba: jijiyar da ta fito da faɗin mita 2 a fili, in karkatarta digiri 30 ce, kaurinta mita 1 ne. Masu sayar da rami sun fi son faɗin sama, mai saye ya kamata ya riƙe kamfas.

A kan giranit, irin Dutsen Kwatarkwashi da sauran curarrun duwatsun da ke tsaye a kewayen Gusau, babu shafuka, tsagogi ake aunawa. Wannan ya shafi masu rijiyar burtsatse kai tsaye, domin a irin wannan ƙasa ruwa ba ya zama sai a ruɓaɓɓen saman dutse da cikin tsaga. In ka auna tsagogi talatin zuwa hamsin a kan falalen dutse, za ka ga sun kasu gida biyu ko uku, kowane gida da inda ya dosa. Wannan ne ke gaya wa mai na'urar auna ƙasa da lantarki ta ina zai shimfiɗa wayarsa. Nan ma Brunton yana da daɗin aiki, sai dai akwai inda aka fi shi: kamfas irin na Jamus, mai ma'auni a hinjin murfi, yana ba da karkata da gefen da ta dosa a ɗorawa ɗaya, Brunton na gargajiya kuwa sai ka ɗora sau biyu. Kamfanin Brunton ya fitar da nasa masu irin wannan hinji, Geo da Axis, amma sun fi tsada.

Yanzu ga inda kuɗinka ba zai cece ka ba. A ɗamarar Maru akwai dutsen tama mai zane-zane, layin ƙarfe layin ƙanƙara, kuma wani sashensa yana ɗauke da ma'adinin da ke jan maganaɗisu. Ka jingina kowane kamfas a jikinsa, na dala ɗari biyar ne ko na dala ashirin, allura za ta bar arewa ta bi dutsen. Mugun abin shi ne ba ta nuna alamar tana ƙarya. Za ta natsu lafiya lau a kan lambar da ba ita ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka riƙe kamfas a kwance a tsayin ƙugu, ka sauke shi sannu a hankali zuwa dutsen kana kallon allura. In ta juya yayin da kake matsowa, kada ka yi awo a jiki. Ka ja da baya taku biyar ko goma, ka tsaya a inda fuskar dutsen ta zame maka kamar bakin wuƙa, ka yi saiti daga nesa da madubi. Karkata kam ka auna ta a jiki ba fargaba, domin ma'auninta da nauyi yake aiki, babu ruwansa da maganaɗisu. Ƙwanƙolin duwatsun da aradu ta sha faɗa wa su ma suna riƙe maganaɗisu, ko da giranit ne. Haka baƙaƙen duwatsu masu nauyi da ke ratsa shist nan da can.

Ba dutse kaɗai ke jan allura ba. Gudumarka, kan ɗamara, wayar salula a aljihun gaba, rediyon hannu, babur, kwanon rufi, turakun wutar lantarki, bututun rijiya, duk suna yi. Guduma ka ajiye ta nesa da taku biyu, babur da mota taku goma ko fiye. A kan layin tafiya kuma ka saba da awon gaba da na baya: daga tasha ta ɗaya ka saita ta biyu, in ka isa ta biyu ka juyo ka saita ta ɗaya. Bambancin ya zama 180. In ya kauce da fiye da digiri 2, ɗaya daga cikin tashoshin tana da abin da ke ja. Nan kuma a kula da wani abu: in kamfas yana ƙugu, hannun saiti na kallon abin da ka dosa, bakin arewa na allura ake karantawa, in ka ɗaga shi zuwa ido ka juyo da hannun saitin wajenka, bakin kudu ake karantawa. Mance wannan yana juyar da taswira ƙafa a sama.

Akwai wata matsala da mai sayarwa a intanet ba zai gaya maka ba sai ka tambaya. Maganaɗisun duniya ba a kwance yake ko'ina ba. A Amurka da Turai yana jan bakin arewa na allura ƙasa sosai, saboda haka ake sa wa bakin kudu ɗan nauyi, yawanci zaren jan ƙarfe, don ta daidaita. Mu kuwa arewacin Najeriya muna dab da layin da wannan ja yake komawa kusan sifiri. Kamfas ɗin da aka daidaita don Amurka in ya zo Gusau, bakin kudu zai sunkuya, wani lokaci har ɗaya bakin ya gogi gilashi, sai ka ɗauka kayan ne marar kyau. Ka nemi wanda aka daidaita don yankinmu ko samfurin da aka yi don yawon duniya. In ya riga ya zo, mai gyaran agogo mai haƙuri zai iya cire zoben da ke riƙe gilashi ya matso da zaren kusa da tsakiya har allura ta kwanta daidai. Ba aikin da za a yi a tsakar gida da hunturu ba ne. Ƙura ɗaya a kan tsini ta isa.

Sukurun gefe na gyara bambancin arewar maganaɗisu, wato inda allura ke nunawa, da arewar gaskiya ne. A Zamfara da Kebbi a 'yan shekarun nan bambancin ɗan kaɗan ne, bai kai digiri 2 ba, har wasu ke barin sukurun a sifiri. Haɗarin yana wajen tsofaffin taswirorin safiyo masu ma'aunin 1:50,000 da aka buga tun shekarun 1960 da 1970: lambar da ke gefensu ta zamaninta ce, ta fi ta yau girma zuwa yamma, wanda ya kwafe ta ya sa a kamfas ya ɓata duk awonsa. A duba lambar bana kafin a fita, a rubuta a shafin farko na littafin daji ko an gyara kamfas ko ba a gyara ba. Kamfas ɗin aro kuma a duba sukurunsa, ba ka san inda mai shi ya bar shi ba.

Tun da an zo maganar taswira, kamfas ba ya tafiya shi kaɗai, da GPS yake tafiya, kuma nan ma akwai rami. Tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka zana su, na'urar GPS ta Garmin da waya kuwa da wani ma'aunin daban, WGS84, suke zuwa. Tazarar da ke tsakaninsu mita gommai ce, tana iya kusantar ɗari. A takardar 1:50,000, inda milimita 1 take mita 50, wannan ya isa ya tsallakar da ramin gwaji zuwa ɗaya gaɓar rafi. Sannan layin digiri 6 na gabas ya raba Zamfara gida biyu a tsarin UTM, wanda ke raba duniya shiyya-shiyya don ba kowane wuri lamba: Gusau da Maru suna shiyya ta 32, Anka da Bukkuyum da Birnin Kebbi suna ta 31. Wanda ke aiki a gabashin Anka zai ga lambobin gabas a na'urarsa sun yi tsalle ba zato, ba lalacewa ta yi ba, shiyya ya ƙetare. A bakin wannan iyaka arewar layukan taswira tana kauce wa arewar gaskiya da kusan digiri 0.6, wanda mai aikin ƙwaƙƙwafi zai sa a lissafi.

In ka bar tsohon dutse ka nufi Birnin Kebbi, Argungu, Gwandu, labari ya canza. Nan kwarin Sakkwato ne, shimfiɗun yashi da yumɓu da suka kwanta a kan ginshiƙin, daga na Gundumi da Illo a ƙasa har zuwa na Gwandu a sama, wanda ya ba da tuddan nan masu shafaffen kai da hular marmara. Shimfiɗun kusan a kwance suke, suna ɗan gangarawa arewa maso yamma da abin da ido ba ya gani. A nan Brunton ba shi da abin kamawa. Dalilin lissafi ne: a fuskar da ke karkace da digiri 60, in kumfarka ta kauce da digiri 1, miƙa za ta ɓaci da wajen rabin digiri, a fuskar digiri 5, wannan kaucewar za ta ɓata miƙa da fiye da digiri 11. Ƙasa da haka kuwa zato kawai kake yi. Abin da ɗalibai kan auna a kwazazzabon Gwandu su ce karkatar shimfiɗa ce, sau da yawa zanen da ruwa ya bari ne a cikin yashin, wanda ke nuna inda tsohon kogi ya gangara. Shi ma awo ne mai amfani, amma sunansa daban. Karkatar gaskiya a Kebbi daga rijiyoyi ake samo ta: a nemo zurfin shimfiɗa ɗaya a wurare uku masu nisa da juna, a san tsayin bakin kowace rijiya, a yi lissafi.

Abin da ya rage masa a can shi ne awon tsayi. Ka sa ma'aunin karkata a sifiri, ka lanƙwasa madubi yadda za ka ga kumfa kana saiti, ka nemi wurin da ya yi daidai da idonka a jikin tudu, ka hau can, ka maimaita. Mai tsayin ido mita 1.6 da ya yi haka sau goma sha biyu ya hau mita 19.2. Da sanda mai tsawon mita 1.5 aikin ya fi tsabta. Yana yi da kyau, amma kamfas mai madubi na Silva ko Suunto, mai ma'aunin karkata a ciki, zai yi maka wannan a kan kaso kaɗan na kuɗin. Rauninsu shi ne zanensu digiri bi-biyu ne, kuma ruwa ne a cikin ƙoƙon allurar, wanda kan yi kumfa in ya sha zafi da sanyi. Kada a bar su a gaban mota da bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40. Brunton ba shi da ruwa a ƙoƙon allura, wannan damuwa ba tasa ba ce.

Waya fa? Manhajoji irin FieldMove Clino suna ɗaukar miƙa da karkata da wuri da hoto a taɓawa ɗaya, kuma wajen karkata suna ƙoƙari. Wajen miƙa ne ba a sakin jiki da su, domin ma'aunin maganaɗisun waya yana rikicewa da rigar waya mai maganaɗisu, da batirin caji, da ƙarfen da ke kusa. In za a yi aiki da ita, kowace safiya a gwada ta da kamfas a kan fuska ɗaya, a sake gwadawa bayan kowane awo goma. Ga zafi da ke kashe ta da tsakar rana, ga caji. Ga kuma abin da duk mai aiki a dazukan Anka da Ɗansadau ya sani: baƙon da ke ɗaga waya yana ɗaukar hoton tuddai yana jawo tambayoyin da ba ya so. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, amma ɗage hani bai buɗe kowane daji ba. Takarda daga makaranta ko kamfani, gaisuwa a fadar hakimi, da ɗan gari mai rakiya suna gaba da kowane kayan awo, kuma inda mutanen gari suka ce kada a shiga, a bar wurin fari a taswira.

Ɗalibin da zai yi aikin taswira na mako biyu ko uku, kwafi mai kyau ya ishe shi, muddin ya gwada kafin ya biya. Ka ɗora shi a teburin katako, ka kawo mabuɗi kusa da allura ka janye, sau uku. Ta koma lamba ɗaya kowane karo. Ka daidaita zagayayyar kumfa, ka juya akwatin rabin zagaye a wurin. Kumfar ta zauna inda take. Ka auna karkatar wani allo da ka jingina, ka juya kamfas baki ya koma baya ka sake aunawa. Lambobin kada su bambanta da fiye da digiri 1. Ka rufe murfi ka girgiza a kunne. In ka ji allura na ƙara, maɓallin ɗagawa ba ya aiki, kuma tafiya ɗaya a babur daga Gusau zuwa Maru za ta dakushe tsinin. Ka buɗe madubi rabi ka sake shi, ya tsaya inda ka bar shi. Wanda ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan, a mayar wa mai shi. Wanda kuwa sana'arsa ke nan, mai bin jijiyoyi a Anka da Zuru shekara da shekaru, ko mai rubuta rahoton da za a zuba miliyoyi a haƙa a kansa, Brunton na asali ya ci kuɗinsa, kuma ana iya sauya masa madubi da gilashi in sun fashe. Mai aikin ruwa da yumɓu a arewacin Kebbi ya sayi Suunto ko Silva, ragowar kuɗin ya sa a GPS mai kyau da tef na mita 50.

Kulawarsa ba ta da yawa. A rufe murfi kafin a taka ko taku ɗaya. Kada a ajiye shi kusa da lasifika ko maganaɗisun gwajin dutse. A share madubi da tsumma mai laushi, ƙurar hunturu tana karce shi in aka goga a bushe da ƙarfi. In an yi aiki a ramukan Bagega, Dareta ko 'Yargalma, inda dutsen zinaren yake haɗe da dalmar da ta kashe yara sama da 400 a 2010, a goge kamfas da jakarsa da jiƙaƙƙen tsumma tun a daji, a wanke hannu kafin cin abinci, kuma jakar da samfuran dutsen kada su shiga ɗakin da yara ke kwana.